Ƙwanƙwasa Tebur

Har yau in aka ambaci Dakta Lüders sai in ji raina ya ɓaci. Shi jami'armu ta ɗora wa kula da mu, baƙin ɗalibai masu neman digirin digirgir da ke koyar da 'yan shekarar farko. Wai shi ne jagoranmu. Mutum ne mai fara'a, gilashi kullum a goshi, ga iya raba kofi da biskit. Iyakar jagorancin ke nan.

Nargiza ta zo daga Samarkand a farkon zango, aka ba ta ajin lissafi. Ajin nan shi ne abincinta, shi kuma ke riƙe da takardar zamanta a Jamus. In ya suɓuce, sai jirgi. Ni ina wani sashen, shekarata ta biyar a garin, don haka a taron horaswa na wata-wata kaɗai muke haɗuwa. Takan zauna kusa da ni, ba ta cika magana ba.

A taron ƙarshe na zangon, tun kafin mu cire rigunan sanyi ta matso ta ce min a hankali, "Wanjiru, ba za su sabunta min aikin koyarwar ba. Wai ɗalibai sun kai ƙara ina da zafin rai. Dakta ma ya ce koyarwa ba ta karɓe ni ba."

Ban kai ga ba ta amsa ba Lüders ya buɗe taro. Darasin ranar, bambancin al'adu a cikin aji. Har shugabar sashen lissafi, Farfesa Brandhorst, ya gayyato ta ga irin ƙoƙarin da yake yi.

"Bari in ba ku wani abin dariya," in ji shi, "amma ba zan faɗi suna ba. Wata sabuwar malama ta gama darasinta na farko, yara suka ji daɗi, suka hau ƙwanƙwasa tebur yadda muka saba. Ita kuwa baiwar Allah ta zaci korar ta suke yi! Da ta dawo ta ce duk wanda ya sake taɓa tebur ya fice mata daga aji. Suka daina. Sai ta ɗauka ta yi maganinsu."

Aka yi dariya. Duk wanda ya kwana biyu a nan ya san ba a tafa wa malami, tebur ake ƙwanƙwasa masa da gaɓoɓin yatsu, in kuwa aka watse shiru to ya kwafsa. Na waiga in ce wa Nargiza wani abu, sai na ga biro ya faɗi daga hannunta.

Ta miƙe tsaye. "Dakta, ni ce."

"Haba Nargiza, ai ban faɗi suna ba."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya sauko da gilashinsa. "Wani ɗalibi ne ya ba ni labari. Can farko-farko."

"A garinmu in yara suka hau dukan benci, malami tattarawa yake ya tafi. Na zo ofishinka na ce maka yaran nan sun tsane ni. Na sake zuwa na faɗa. Me ka ce min?"

"Na ce ki ba kanki lokaci."

"Ka kuma ba ni biskit."

Wallahi ko kunya bai ji ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "A tsarinmu ba ma ɗura wa mutum amsa. Mukan bar shi ya gano da kansa, ta haka abu ke zama a kai."

A nan ne haƙurina ya ƙare. "Ta gano da kanta? A ina, a mafarki? Magana ɗaya ce fa, Dakta! Ka zura ido tana faɗa da masu gode mata zango guda, don ka samu labarin ba mutane dariya. Ka gama kuma ka ce koyarwa ba ta karɓe ta ba. Kai jagorancin ya karɓe ka?"

"Wanjiru, ki sassauta murya, taro muke."

"Ba zan sassauta ba. Taron naka ya ci gidansu!"

Duk muka juya ga Farfesa. Ta zuba wa kofinta ido kamar amsar tana ciki, ta ce kwamiti ya riga ya zauna kan maganar aikin Nargiza, za ta duba, amma ba ta yi alkawari ba. Mun san irin wannan dubawar. Lüders ya lallaɓa ya kai ƙarshen jawabinsa, ya yi godiya, ya tsaya yana jira. Mu duka muka sa hannu a aljihu. Ko yatsa ɗaya bai taɓa tebur ba.

Farfesa ba ta duba komai ba. Aka ba wani malami ajin na zango mai zuwa, Nargiza ta sayi tikitin gida.

Ranar darasinta na ƙarshe ta roƙe ni in raka ta, na zauna a baya. Ta gama lissafinta tsaf, ta ajiye alli, ta fuskanci yaran da suka saba tattara jaka su fice ba ko kallo.

"Ku tsaya. Ranar farko da kuka buga tebur, na zaci kora ta kuke. Ba wanda ya faɗa min. Na je gida na yi kuka, na dawo na huce a kanku. Ku yafe min."

Sai wata yarinya mai koren gashi ta ce, "Kai! Mu kuwa mun ce ko raina mu kika yi." Ta dunƙule hannu ta fara ƙwanƙwasawa. Na kusa da ita ya kama, sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, har gilashin taga na amsawa. Nargiza ta tsaya hawaye na zuba, ta rasa inda za ta sa hannunta. Ni kuwa haushi ne ya ƙara turnuƙe ni, don abin nan nata ne tun ranar farko, aka hana ta.

Ƙofa ta buɗe. Lüders ne, ofishinsa na gefen ajin. A bayansa wani saurayi rungume da jaka yana ta zare ido.

"Don Allah ku rage hayaniya, ina ganawa da sabon malami."

Ba wanda ya rage. Nargiza ta share fuska, ta wuce Lüders kamar babu shi, ta tsaya gaban saurayin.

"Sabon zuwa ne kai?"

Ya gyaɗa kai.

"Wannan da kake ji, godiya ce. In sun yi maka, kada ka ji tsoro." Sannan ta dubi Lüders. "Ka gani, Dakta? Har na gama faɗa masa."