Takardar da Tukur Ya Karanta wa Sodangi

"Baba Tukur, don Allah idan babana ya ce ka karanta ta, ka ce mashi ba su ɗauke ni ba."

Tukur ya ajiye igiyar da yake tufka, ya ɗaga kai. Ɗanjuma ne durƙushe a bakin zaure, ɗan maƙwabcinsa Sodangi maƙeri, da takarda a hannu, gefenta ya jiƙe da gumi. Ɗazu ya iso Kurfi a kan keken aro daga Dutsin-Ma, inda ya gama firamare bara. Hedimasta ne ya aiko masa ya je ya karɓo takardar.

"Ba su ɗauke ka ba ne, ko kuwa in ce ba su ɗauke ka ba?"

"Sun ɗauke ni, Baba. Kaduna ce, makarantar koyon sana'a, wajen ƙarfe da injuna, shekara uku. Wai in je kafin ashirin ga wata. Na ce mashi babu sunana, ya ce bai yarda da karatuna ba, a kira mashi kai." Yaron ya share fuska da hannun riga. "Ka ga yadda jikinshi yake. In na tafi wa zai riƙe maƙera? Ga damina ta kusa, ga Inna ita kaɗai."

Tukur ya karɓi takardar. Bai buɗe ta ba. Ya ɗora ta a cinya, ya daɗe yana kallon tambarin da ke bayanta, har Ɗanjuma ya zaci ya manta da shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Tukur da na Sodangi. Tare suka yi kiwon awaki, tare aka yi musu kaciya, aure ma wata biyu ne tsakaninsu. Tukur ya gaji noma da ɗan cinikin hatsi, Sodangi ya gaji ƙira. Amma shi Sodangi hannunsa bai tsaya a garma da lauje ba. Keke, kwaɗo, fitilar ruwa, keken ɗinki, duk abin da aka kawo masa sai ya kwance shi a kan tabarma, ya zauna yana kallon ƙarafan kamar mai sauraron magana, sannan ya mayar da su ya tashi abin.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata babbar motar En'e, hukumar gargajiya, ta karye a hanyar Barkiya, ta kwana biyu a daji. Wani ƙarfe ne ya tsinke a ƙarƙashinta. Sodangi ya je kallo, ya shiga ƙarƙashi ya auna da tsinken kara, ya dawo maƙera ya ƙera irinsa. Motar ta tashi da shi har Katsina. Babban makanikin da ke tare da ita ya tambayi sunansa ya rubuta, bayan wata guda kuma sai ga takarda.

Lokacin Tukur bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, shi kaɗai ne mai karanta boko a unguwar. Sodangi ya kawo masa ita a wannan zauren, hannunsa duk baƙin gawayi, yana dariya. Takardar ta ce ana gayyatarsa Katsina, gidan gyaran motocin En'e, ya koyi kanikanci shekara biyu, za a ba shi ɗaki, iyalinsa ma na iya bin sa. Tukur ya karanta a zuci. Shi da ya yi wata shida yana fama da allo da alli ba wanda ya kira shi ko'ina, sai wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ga shi shekarar ya fara noman shanu, kuma duk Kurfi Sodangi ne kaɗai ya san gyaran garmar. Ya kuma tuna zaman yamma a bakin maƙera, wanda bai taɓa fashi ba tun suna samari.

"Mi ta ce?" in ji Sodangi.

"Godiya suke yi. Sun ce kuma in kana son leburanci, ana ɗibar masu fasa dutse a hanya."

Sodangi ya yi dariya, ya ce Allah ya raba shi da fasa dutse, ya koma aikinsa. Tukur ya ce a ransa gobe zai gaya masa gaskiya. Goben ta zama jibi, ranar da aka sa ta wuce, daga nan kuma ya kasa samun bakin da zai faɗa da shi.

Yanzu ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Mu je," ya ce wa Ɗanjuma.

Tun da tari ya kayar da Sodangi, wata uku ke nan, ya ƙi kwanciya a cikin gida. Ya sa an shimfiɗa masa tabarma a zaurensa, inda yake iya hango rumfar maƙera da masu wucewa. An kai shi ɗakin shan magani a Dutsin-Ma sau biyu, aka ba shi maganin ruwa a kwalba, aka ce hayaƙin gawayi ya cinye masa huhu. Mutumin da yake ɗaga masaɓa, babbar gudumar ƙira, da hannu ɗaya, yanzu sai matarsa Tani ta tallabe shi yake shan fura.

"Tukur, ka zo? Zauna nan kusa, muryata ba ta fita." Ya numfasa. "Yaron nan da ya fara karatu sai ya ƙi kallona. Shi ya sa na ce a kira ka. Kai ba ka taɓa karanta mini ƙarya ba."

Ɗanjuma na tsugune a bakin ƙofa, idonsa a kan Tukur. Tani ta tsaya a bayan asabari da ƙwarya a hannu.

Tukur ya buɗe takardar. Ya karanta ta tun daga kwanan wata har sa hannu, a hankali, bai tsallake komai ba: sunan yaron, sunan makarantar, shekara uku, ranar da ake son ganinsa, har kayan da zai zo da su, bargo da kwano da wando biyu.

"Baba Tukur!" in ji Ɗanjuma.

"Alhamdu lillahi," in ji Sodangi. Ya yi tari mai tsawo, ya tofa a kaskon toka, sannan ya dubi ɗansa. "Kai, ashe ƙarya ka yi mini. Zo nan. Kana tsammani ƙira za ta mutu don ka tafi? Ta mutu mana. Garmar kanti ta cika kasuwa, ka gani da idonka. Ni ba wanda ya taɓa kirana ko'ina, shi ya sa ka gan ni nan. Kai an kira ka. Tashi ka ba mu wuri."

Yaron ya fita yana kuka, uwar ta bi shi ciki. Kurciya na kuka a kan bishiyar bedin ƙofar gida. Tukur ya ninke takardar, ya sake buɗe ta, ya sake ninkewa.

"Sodangi, an kira ka."

"Wa?"

"Takardar nan ta shekarar motar Barkiya. Ba fasa dutse ta ce ba." Ya ajiye takardar hannunsa. "Kanikanci ta ce. Katsina, shekara biyu, da ɗaki, da Tani da yaro. Ni na juya ta."

Sodangi bai motsa ba. Idonsa na kan azarar rufi. Tukur ya jira zagi, ya jira tsinuwa, da ya samu ɗaya daga ciki da ya ji sanyi.

"Don mi?"

"Hassada. Da garmata. Da kuma ban so in leƙo in tarar da rumfar nan babu kowa ba. Na sha auna su, ban san wanda ya fi nauyi ba."

"Ka tuna abin da ta ce?"

"Ban manta ko kalma ɗaya ba."

"To karanta mini."

Tukur ya karanta masa takardar da babu ita, daga ka, kamar mai hadda. Sodangi ya rufe ido yana saurare. Da aka zo wajen da ta ce an ga aikin hannunsa an yaba, sai ya ɗaga yatsa, Tukur ya maimaita masa wurin. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, bai share ba.

"Ka yafe mini, Sodangi. Don girman Allah."

"Je ka, Tukur. Na ji. Bari in huta."

Kwana shida suka rage kafin ranar tafiya. Kullum da hantsi Tukur zai shigo ya gaishe shi, Sodangi ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa, ya juya fuska bango. Bai gaya wa Tani ba, bai gaya wa yaron ba. Tukur ya gane haka daga yadda Tani take ci gaba da aiko masa da kunu, tana cewa, "Malam Tukur, Allah ya bar zumunci, da ba kai ba da yaron nan ya cuci kanshi." Duk sanda ta faɗa sai ya ajiye kunun bai sha ba.

Ɗanjuma kuwa ya daina gaida Tukur sai da ka. Ya yini a maƙera yana gyara hauyoyin da aka tara, bugu kamar mai faɗa da ƙarfen. Daga kwance Sodangi yake gyara masa. "Ka cika zafi, mayar da ita wuta. Saurari ƙararta mana, ba ta nuna ba."

Ranar tafiya Sodangi ya sa aka zaunar da shi. Ya dafa kan ɗansa ya yi masa addu'a, ya ce, "In an nuna maka inji, kada ka yi saurin taɓawa. Ka kalle shi tukuna. Kuma duk abin da aka rubuta, ka karanta da kanka." Sannan ya dubi Tukur, karo na farko a kwana shida. "Ka kai mini shi Dutsin-Ma. Kada ka dawo sai ka ga motar ta tashi."

Tukur ya ɗauki yaron a bayan kekensa, akwatin ƙarfen da uban ya taɓa ƙerawa a kan cinyarsa. A tasha suka samu motar kaya mai zuwa Funtuwa, an loda mata buhunan wake. Ɗanjuma ya hau can sama. Sai da direba ya tayar da inji sannan yaron ya leƙo ya ce, "Baba Tukur, ka duba mini shi." Tukur ya ɗaga hannu, ya tsaya har motar ta sha kwana.

Da la'asar ya iso Kurfi, ya wuce kai tsaye zauren. Sodangi ya rame fiye da yadda ya bar shi da safe, amma idonsa a buɗe.

"Ta tashi?"

"Ta tashi. Yana sama, kusa da kan direba."

"Wace iri ce?"

Tukur ya kwatanta masa iyakar saninsa, launinta da ƙararta da yadda sai da aka juya mata ƙarfe a gaba ta kama. Sodangi ya ɗan yi murmushi.

"Tukur, tsakaninka da Allah. Da na je, da na iya?"

"Da ka fi su duka."

"Haka nake gani ni ma." Ya numfasa. "Shekara goma sha biyu ina zaton ba a ga aikin nan ba. Na ɗauka sun raina shi."

"Sodangi, maganar da na roƙe ka."

"Na gaji yau. Gobe ma yi magana."

Washegari bakin Sodangi ya rufe. Yana jin mutane, yana bin su da ido, amma sai numfashi. Tukur ya bar gonarsa da shanunsa ya tare a zauren, yana kora masa ƙuda, yana ɗiga masa ruwa da auduga, yana karanta masa abin da ya sawwaƙa. Sau biyu ya riƙe hannunsa ya ce, "In ka yafe, matsa mini yatsa." Karo na farko bai ji komai ba. Karo na biyu ya ji yatsun sun motsa, amma a daidai lokacin tari ya taso masa, duk jikinsa ya girgiza. Tukur bai taɓa sanin ko wanne ne ba.

Ran Alhamis da hantsi, kwana huɗu bayan tafiyar yaron, Sodangi ya cika. Tani ce ta fara ganewa, ta ajiye ƙwaryar hannunta a hankali, ta ce, "Malam Tukur, rufe mashi ido."

Tukur ne ya zuba ruwa aka yi masa wanka. Baƙin gawayin da ke cikin tsagar tafin hannunsa ya ƙi fita, aka bar shi da shi. Da aka jera sahu a ƙofar gida, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, wanda mamacin nan ya saɓa wa, ya yafe mashi." Mutane suka amsa, "Mun yafe." Tukur ya buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Shi ba a yi masa komai ba, wanda zai ce masa hakan kuwa ga shi nan naɗe a gabansu.

An aika wa Ɗanjuma, tare da saƙon uwarsa cewa kada ya baro makaranta sai hutu. Ya zauna. Daga baya aka ji ya fi kowa iya auna ƙarfe a ajinsu.

Bayan sadakar bakwai aka yi ruwan farko. Da safe Tukur na fitowa da shanunsa sai ya hangi wani tsoho zaune a rumfar maƙera, ya jingina sanda, da karyayyar hauya a gabansa. Daga wani ƙauye yake, can bayan Dabawa, ya ce tun jiya ya taso.

"Maƙerin bai fito ba ne? Na daɗe ina jira."

"Ya rasu, Baba. Yau kwana tara."

Tsohon ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Tukur ya shafa tare da shi. Ya ɗan ƙara zama, yana duban murhun da ruwa ya ɗiga a ciki ya jiƙa tokar. Sannan ya ɗauki hauyarsa ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanyar da ya fito. Tukur na tsaye riƙe da igiyar shanu, suna ja shi wajen gona, har tsohon ya shige tsakanin dannin gidaje.