Ɗigo Uku a Ruwan Zafi

Azumin shekarar tsakiyar damina ya faɗo, mura kuma ta bi Nasarawa Burkullu gida-gida. A sahun asuba tari ya fi amin yawa. A gidan Malam Hayatu kuwa, yara biyar, babu wanda ya kwanta.

Aikin matarsa Hure ne. Tun ruwan farko take ba da sautun ƙananan kwalabe biyu daga kasuwar Gummi, man kanumfari da man na'a-na'a. Sai ta narka man kaɗe, ta ɗiga masa kaɗan, ta juya da tsinke har ya daskare. Kullum bayan wankan yamma ta shafe wa yara ƙirji da tafin ƙafa, ta sa musu riga mai kauri. Na goye man kaɗe zalla yake samu, ta ce hancinsa bai kai ba. Mutum ɗaya ne ya ƙi.

"Ni ba jinjiri ba ne," in ji Malam Hayatu.

Shi ne mai jan baƙi a tafsirin masallacin unguwa. Bayan la'asar ya karanta aya, Malam Magaji ya fassara. Shekara goma sha bakwai ke nan, bai taɓa fashi ba. Ba shi da gona mai girma, ba shi da sarauta. Muryar ita ce abin da aka san shi da shi.

Ran tara ga wata ya je ta'aziyya Bukkuyum a kan babur, ruwa ya dake shi a hanyar dawowa. Ran Talata ya buɗe baki gaban lasifika, abin da ya fito kamar an ja ƙofar kwano. Ya sake gwadawa. Wani yaro ya yi dariya a baya, aka make shi. Usama, ɗan ƙanen Malam Magaji da ya dawo karatu daga Sakkwato, shi ya karɓi Alƙur'anin. Ya kuwa iya.

Da aka tashi Malam Magaji ya ja shi gefe.

"Hayatu, ba ni son in yi maka haka. Amma jama'a sun ji yaron. Na ba ka zuwa Jumu'a. In ba ta dawo ba, shi za ya kai mu rufewa."

Bai ƙara ba. Kowa ya san wanda ya rufe bana shi ke buɗewa baɗi.

Laraba da hantsi Malam Hayatu ya tsaya bakin ɗakin Hure, murya kamar raɗa.

"Ɗora ruwan nan naki. Sirace nika so, yanzu."

Tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba.

"Da rana, Malam?"

"Kahin la'asar nika son ta buɗe."

"Kai ka karantar da mu nan tsakar gida, in mutum ya shaƙi tururin tukunya da gangan har ya kai maƙoshi, azumi ya tahi. Ko an canza littahin?"

Shi ya faɗa, tabbas.

"To ni marar lahiya ne, ina iya sha in rama."

"Kana iyawa. Sai ka zauna gaban mutane ka ja musu ayoyi da azuminka a ajiye. In ka ji za ka iya, ga itace nan."

Ya juya ya fita zaure. Nan Makau mahauci, abokinsa tun na ƙuruciya, ya same shi, ya ciro kwalba daga aljihu.

"Mai jan baƙi ya koma bebe! Ungo, man kanumfari ne zalla, daga Anka. An sha ruwa ka haɗiye cokali guda, gobe har Gummi za a ji ka."

Muryar Hure ta fito daga bayan zana.

"Makau, sannu da zumunci. Ɗiga ɗaya bayan hannunka, ka jira ni in zo."

"Ke dai ba ki yarda da kowa."

Ya ɗiga. Suka shiga zancen tsadar shanu, Makau kaɗai yake yi. Can ya fara murza hannun a jikin riga. Sannan ya hura shi. Wurin ya yi ja.

"Kai! Wuta ce anka ɗura ciki?"

"Ita kaka son ya haɗiye cokali," in ji Hure. "Fata ke nan, wadda ta saba da wuƙa. Aje min kwalbar nan, na gode, tawa ta kusa ƙarewa."

Ran nan ma Usama ya karanta. Malam Hayatu yana ɗaki yana jiyo shi ta lasifika, ya juya fuska bango.

Da aka kira magariba Hure ta ɗauke kofin ruwan randa daga gabansa, ta aje na ɗumi da zuma da citta. Ta kau da ƙosai. Bayan ya yi salla ta shigo da roba cike da ruwan zafi, ta bar shi ya ɗan huce, ta ɗiga na'a-na'a biyu, kanumfari ɗaya. Ya nuna mata da hannu ta ƙara.

"Ukku. In na ƙara, idonka za ya biya."

Ta rufa masa zane. Ya fito yana zufa, hanci na zuba. Ta shafa masa man yaran a ƙirji da wuya, ta naɗe wuyan da tsohon rawaninsa. Bai ce shi ba jinjiri ba ne.

"Saura babban maganin," ta ce. "Wanga mai, buɗe hanci yaka yi, ba shi ɗinke murya. Hutu ka ɗinke ta. Daga yanzu zuwa Jumu'a ba ka magana. Ko raɗa. Raɗa ta hi cin maƙoshi."

Wannan ya fi masa komai wuya. Mutum ne mai gyara wa kowa zance. Ran Alhamis akuya ta shiga rumfar dawa yana kallo, sai tafi ya yi ta yi. Maƙwabci ya zo tambayar hukuncin allura da azumi, Hure ta amsa daga ciki, ta amsa daidai. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, ta ƙwanƙwasa ludayi a ƙwarya. Ya rufe. Da aka sha ruwa ta sake masa sirace, kafin sahur ta sake.

Jumu'a bayan la'asar ya zauna a buzunsa. Usama na gefe, Alƙur'aninsa a buɗe. Kafin ya fito Hure ta ce masa abu ɗaya: kada ya nemi muryar bara, ya ɗauko daga ƙasa ya zauna nan.

Ya yi basmala. Ta fito, da kauri, da ɗan ƙaiƙayi a gefenta. Wurin da ya saba hawa har tsofaffi su yi kabbara ya zo, ya ji maƙoshinsa na jan sa, ya bar shi ya wuce a kwance. Aya ta bi aya. Sau biyu ya tsaya ya haɗiye tari, Malam Magaji ya tsawaita fassara har ya huta. A shafi na uku Usama ya rufe nasa a hankali ya ɗora bisa cinya.

Da aka shafa addu'a Malam Magaji ya tattara littattafansa, bai dube shi ba.

"Gobe Suratu Hudu. Ka zo da wuri."