Shagwaɓa da Littafin Kebbe

Salatin da matarsa Zakiyya ta saki ne ya sa Malam Nu'umanu ya jefar da buta, ya ruga ɗakin karatu da ƙafa ɗaya a jiƙe.

A bakin ƙofa ya ƙame. Gafakar fatar da ya rataye a ƙusa tana ƙasa, baki buɗe. Takardu sun watsu ko'ina, kan tabarma, ƙarƙashin kujera, har cikin takalmi. A tsakiyarsu Shagwaɓa, farar magen Zakiyya, ta miƙe ƙafa tana lasa abinta.

"Ban ce ki riƙa rufe ƙofar ga ba?"

"Wallahi na rufe, Malam! Ta taga ta shigo, ƙadangare ta biyo."

Littafin ba nasa ba ne. Na malaminsa ne, tsoho Malam Ladan na Kebbe, littafin fiƙihu rubutun hannun kakanni. Shekara uku Nu'umanu yana roƙo kafin a ba shi aron wata ɗaya. Yau watan ya cika, kuma tun da safe tsohon ya yi waya cewa ya taso zuwa Tambuwal, zai karɓa da kansa bayan Azahar.

Irin littafin nan ba a ɗinke shi, ba lambar shafi. Kalma ɗaya ce a ƙasan kowace takarda, ita ke fara ta gaba. Suka durƙusa, yana karanto kalma, tana lalubo takardar. Sau uku suna korar Shagwaɓa, sau uku tana dawowa ta zauna daidai kan wadda ake nema. Ana kiran salla suka gama. Nu'umanu ya duba, ya sake dubawa, gumi ya karyo masa.

"Ta ƙarshe babu."

"Wace ce ta ƙarshen?"

"Mai sunayen malaman da littafin ya bi hannunsu. Ita ad darajar littafin duka, Zakiyya!"

Zakiyya ta san maɓoyar magenta. Ta ja buhun gero a kicin. Ga hular Malam da ta ɓace tun azumi, ga safa ɗaya, ga ƙashin kaza. Ga rabin takarda, a tattaune, tawada ta narke da yawu.

Ba su gama kallon juna ba suka ji tsayuwar babur.

Malam Ladan ya shigo zaure yana kakkaɓe jar ƙasar hanya daga rawani. Nu'umanu ya zube gabansa, ya ajiye gafakar, ya ɗora guntuwar takardar a sama.

"Allah gafarta Malam, na ci amana. Mussar gidana..."

Tsohon ya ɗaga guntun zuwa haske. Ya yi ta juya shi gaba da baya, har Nu'umanu ya gwammace a zage shi.

"Ɗauko alƙalami," ya ce a ƙarshe. "Rubuta tun ina da rai."

Ya rufe ido ya fara jerowa. Mahaifinsa Attahiru, daga Sirajo, daga Na'Allah mai dogon zango. Ya kawo na huɗu, ya kawo na biyar. A na shida ya tsaya. Leɓɓansa na motsi, ba abin da ke fita. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa.

"Inna lillahi... ya ɓace mini. Shekara sittin ina karanta sunan ga."

Hawaye ya gangaro cikin farin gemu. Nu'umanu bai taɓa ganin haka ba, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Daga bayan labule muryar Zakiyya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Baba Malam, a gafarce ni. Ina ga yana cikin wayata."

"Wayarki?" Nu'umanu ya juya. "Mi ya kai shi wayarki?"

Hannu ya miƙo wayar. Hoto ne. Shagwaɓa kwance ɗai-ɗai a kan littafin, ta yi matashi da takardar ƙarshe, tana hamma har ana ganin haƙoranta.

"Yaushe anka yi wanga?" Nu'umanu ya tambaya.

"Ran da ka tai Dogon Daji ta'aziyya. Ka bar shi buɗe, ita ko ta yi kyau, sai na..."

"Wato ba yau ta fara ba," in ji Malam Ladan. "Buɗe kake barin shi, Nu'umanu?"

Nu'umanu ya sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, zo ki ƙara mini girman rubutun ga."

Ta fito da mayafi, ta durƙusa, ta ja hoton da yatsu biyu. Wutsiya ta rufe layi ɗaya, amma ba shi ake nema ba. Dab da kunnen magen, baƙaƙen suka fito sarai.

"Suhaibu Ɗangiwa!" Tsohon ya dafe ƙirji. "Suhaibu, ka yafe mini. Rubuta maza!"

Nu'umanu ya rubuta. Malam Ladan ya karɓe gafakar, ya rataya ta cikin riga, ya miƙe.

"Littafina ba ya sake kwana Tambuwal. In kana son karatu, ka iske ni Kebbe ranar Alhamis, ka sake rubuta takardar ga gabana. Ke kuma ki biyo shi da wayar. Ina da wasu littattafai arba'in da za ki ɗauka hoto, gara na cinsu, kaina kuma ga shi kun gani."

"To, Baba Malam."

"Mussar kam kada ta kuskura ta biyo ku."

Sai ihun ɗan kabu-kabun da ya kawo shi ya taso daga ƙofar gida.

"Kai jama'a! Magen wa ce wagga? Ta yage mini kujerar babur!"