Ku Zauna Ta Hagu

"Kujera nawa suka rage?" matar Mai Tikiti ta tambaya ta 'yar tagar, karo na uku ke nan.

"Shida. Don Allah koma ki zauna, tsayuwarki tana jawo min kasuwa."

Shekara ashirin da biyu yana zaune a bayan tagar nan yana sayar da tikitin babban birni, kuma babu abin da bai sani ba game da birnin. Ya san inda za ka sauka in asibiti ka nufa. Ya san masaukin da babu kuɗin cizo. Duk wanda ya yanka wa tikiti sai ya haɗa masa da shawara: "Ka zauna ta hagu. In kun hau babbar gada, ta nan ake ganin teku da jiragen ruwa." Abu ɗaya kawai ya rage masa: bai taɓa zuwa ba. Duk a bakin direbobi ya tsinta. Da fari yakan gyara wa mutane zato, daga baya ya ga gyaran na cin lokaci. Har 'ya'yansa mata biyu suka tashi da sanin cewa ubansu ɗan birni ne da ƙaddara ta ajiye a tasha.

Shekara bakwai yana yi musu alkawarin tafiyar. Bana babbar za ta tafi makarantar koyon jinya, ya ga in bai cika yanzu ba, sai dai ya cika wa jikoki.

Shirin ya zauna daram, a rubuce a bayan tsohuwar kalanda. Kamfani yana da ƙa'ida: kujerar da ba a saya ba har saura minti goma mota ta tashi, ma'aikaci da iyalinsa suna iya hawa kyauta. Mota ɗaya ce a rana, ya kuma lura ta Talatar tsakiyar wata ba ta cika, haka ta dawowa ranar Alhamis. Masauki, ɗakin ƙanwar wani direba. Guzuri, burodi da dafaffen ƙwai. Yawo, duk inda ba mai gadi a ƙofa. Kujeru huɗu kawai yake nema daga duniya.

Matarsa ta ce ya sayi ko ɗaya ne, don kwanciyar hankali.

"Mai tikiti ya sayi tikiti? Direbobi su ji, ina zan sa kaina?"

Ƙarfe takwas da rabi wani ɗan kasuwa ya zo.

"Anya yau?" in ji Mai Tikiti. "Birnin nan ya lalace. Cunkoso, hayaƙi, ga tsada."

"Ba kai ka ce min makon jiya babu kamarsa ba?"

"Ai makon jiya ke nan."

Mutumin ya saya. Saura biyar. Wani tsoho ya biyo baya, aka ba shi labarin ramukan hanya, ya ce shi ma duk ramuka ne, a ba shi tikitinsa. Saura huɗu cif.

Mai Tikiti ya kafa wa agogon bango ido. Ta gilashi yana hango iyalinsa a kan benci: matarsa rungume da kwandon ƙwai, babbar tana duba kalandar shirin, Auta sanye da takalmin da ta hana kanta sawa wata biyu. Saura minti uku lokacin ya cika. Abokin aikinsa da zai karɓe shi ya shigo, shi kuma ya sunkuya yana jawo jakarsa daga ƙarƙashin tebur.

"Baba, akwai wuri? Gobe da safe za a gwada ni aiki!" in ji wata budurwa daga bakin tagar.

"Akwai."

Bakinsa ne ya faɗa, ba shi ba. Hannunsa ya yage tikiti, ya buga hatimi, ya miƙa canji, har da "ki zauna ta hagu". Sai da budurwar ta ruga da fayil ɗinta ƙarar hatimin ta iso kunnensa.

Abokin aikin ya dube shi. "Ka kira ta mana. Ka ce kuskure ne."

Mai Tikiti ya leƙa. Tana bakin mota tana goge gumi, tana murmushi ita kaɗai. Shekara ashirin da biyu bai taɓa karɓe tikiti daga hannun kowa ba, bai ma san da wane baki ake yi ba.

Da ya je benci, matarsa ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta dai dube shi yadda ya ji kalmomin sarai.

"Auta ta zauna a cinyata," in ji babbar.

"Wace Autar?" direba ya tsoma baki. "Wannan da ta fi uwarta tsawo? Ba a motata ba."

"To Baba, ka sayi na gobe ka biyo mu," babbar ta ce.

"In isa da yamma, in juyo da ku da safe? In je in gaishe da tasharsu?"

"Ku bar shi," Auta ta ce, tana gyara igiyar takalmi. "Baba ai ya sha gani. Mu ne ba mu taɓa zuwa ba."

"Haka ne," in ji shi. "Har ya gundure ni."

Ya loda musu kaya, ya roƙi ɗan kasuwan ya sauya wuri don su sami hagu. Injin ya tashi. Matarsa ta zuge gilashi, ta miƙo masa ƙwai biyu, ta yi ƙasa da murya yadda yaran ba za su ji ba.

"Baban yara, me kake so in dubo maka?"

Ya karɓi ƙwan.

"Gadar. Ki duba min ko da gaske ta hagu ake ganin ruwan."

"In ta dama ne fa?"

"To ki faɗa min a ɗaki."

Ya tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ya koma, ya mayar da jakarsa ƙarƙashin tebur, ya ce wa abokin aikinsa ya je ya sha shayi. Wani saurayi ya zo sayen tikitin gobe, ya ce wannan ne zuwansa na farko, wane ɓangare ya fi?

Mai Tikiti ya buga hatimi, ya buɗe baki, ya rufe.

"Zauna inda ka samu," ya ce. "Ranar Alhamis nake jiran tabbaci."