Zazzaɓin Tayar Hagu

An ɗauke shi fa! Wallahi an ɗauki Baban Gimbiya aiki a babban garejin nan mai shuɗin kwano! Ku tsaya ku ji yadda aka yi, don abin bai zo da sauƙi ba.

Wata biyar ke nan yana zaman gida, tun da aka rushe rumfar da yake gyaran mota a bakin titi. Jiya da safe ya fita gwajin aiki, ya bar Gimbiya, 'yar wata uku, jiki rau da zazzaɓin allurar rigakafi. Sau uku yana kaiwa bakin ƙofa yana dawowa ya ɗora mata bayan hannu a goshi, sai da uwar ta kora shi.

Yana isa, Oga mai garejin ya miƙa masa makulli, ya nuna wata farar mota.

"Ta Likita ce. Sitiyari na rawa, kuma tana ja hagu. Sau biyu tana kawowa, mun yi wa tayoyi balansin, mun saita su da alaimen, ta dawo tana faɗa. Ƙarfe huɗu za ta zo. In ka gano ciwon kafin nan, aiki naka ne. In ba ka gano ba, ka gaida gida."

Akwai wani tsohon bakanike, Baba Sifana ake ce masa, yana zaune kan taya yana sakace. Ya ce, "Ɗan bakin titi ne zai gano abin da ya gagare mu? To bismilla, mu sha kallo."

Baban Gimbiya ya kama aiki. Ya auna iskar tayoyi, daidai. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama kowace taya ya girgiza ta gefe da gefe, sama da ƙasa, ko motsi babu. Ya juya su da hannu, suna ta wulwulawa abinsu. Ya musanya ta hagu da ta dama, ya zaga bayan gareji, mota lafiya lau kamar an shafa mata mai. Ya dubi agogon bango: sha biyu saura. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya sake shiga. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya manta inda ya ajiye. Gumi har cikin ido. Ga waya a aljihu, kowane minti biyar sai ya zaro ya duba ko an kira daga gida.

Baba Sifana ya ce, "Ɗana, in ka gaji da rarrafe, ga tsintsiya can. Motar nan ƙalau take, matar ce dai da ƙorafi. Mu ma mun zaga da ita."

"Baba, har ina kuka zaga?"

"Nan bayan gareji mana. Ina kake so mu je, ƙasar waje?"

"Ita kuma Likita fa, asibitinta na kusa?"

"Ina! Tafiyar rabin awa ce."

Nan ya gane ba wanda ya gwada motar a doguwar tafiya. Ƙarfe biyu ta wuce. Ya roƙi Oga ya bar shi ya hau babban titi, Oga ya ce sai dai Baba ya raka shi.

Minti goma na farko shiru, Baba har ya fara gyangyaɗi. Can sai sitiyari ya soma karkarwa a hannu, kaɗan-kaɗan, sai ga shi yana kaɗawa har makulli na ƙara. Ya sassauta riƙo, mota ta karkata hagu kamar ana kiranta. Ya gangara gefe ya tsaya, ya fito bai ma san me zai duba ba. Hannun nan ne kawai da ya saba tun safe ya tafi da kansa. Ya kai bayan hannu kusa da ƙarfen tayar dama, ɗumi kaɗan. Na baya biyu, sanyi. Yana kai wa na gaba na hagu ya zabura ya yarfe hannu.

"Baba, zo ka ji! Zazzaɓi take yi!"

Baba ya miƙa yatsa, ya janye da salati.

Ashe birkin wannan tayar ne ke riƙewa. In mota ta yi sanyi sai ya saki, in an yi tafiya ana taka shi sai ya maƙale, ya yi ta gugar faifan birki har ya yi zafi ya lanƙwashe. Shi ke janta hagu, shi ke kaɗa sitiyari. Su kuwa kullum a sanyi suke dubawa.

Suka lallaɓo gareji a hankali. Yana kwancewa ya tarar da ƙarfen da birki ke zamewa a kai ya yi tsatsa, ko ɗigon giris babu. Baba Sifana da kansa ya tashi ya ɗauko sabon faifai, yana cewa, "Matsa, ɗan bakin titi, riƙe min nan." Huɗu saura minti biyar suka dawo daga gwaji na biyu, taya sanyi ƙalau.

Likita ta zo da shirin faɗa, aka yi mata bayani. Ta dube shi ta ce, "Wa ya koya maka auna zazzaɓi?"

"'Yata, ranki ya daɗe. Wata uku gare ta."

Oga ya jefo masa rigar aiki, ya ce gobe ƙarfe takwas. Ya shigo gida da rigar a kafaɗa, ko sallama bai ƙarasa ba ya nufi gado, sai da uwar ta daka masa tsawa ya wanke baƙin mai tukuna. Ya taɓa goshin Gimbiya, ita ma jikin ya sauka.

Don Allah duk wadda ta karanta ta gaya wa Inna da su Gwaggo, wayar Inna ba ta shiga tun jiya!