Wuta a Cikin Bishiyar Inna

Ban taɓa ganin hadari mai rowa irin na bazarar nan ba. Kullum da la'asar sai ya haɗu a kan duwatsu, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi kamar da gaske, sannan ya watse ko yayyafi babu. Ciyawa ta bushe ƙayau. Gidanmu a gindin dutse yake, daga ƙofa kana hango gonakin alkama na maƙwabta shimfiɗe har iya ganinka, sun nuna, ba a girbe ba.

A irin wannan hadarin ne tsawa ta faɗa kan bishiyar tsakar gidanmu, wadda marigayi Baba ya dasa shekarar da ya auri Inna. Ta tsage ɓawon daga sama har ƙasa, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Ba mu ga wuta ba, muka yi hamdala.

Washegari yayana ya zo. Sana'arsa yankan katako da injin zarto, kuma Allah bai ba shi iya lallashi ba. Ya zaga bishiyar, ya cusa hanci a tsagar.

"Inna, sai an sare ta."

"A sare me?"

"Akwai wuta a ciki. Haka tsawar da ba ruwa take yi. Wutar ta kwanta a tsakiyar itace tana ci a hankali, ranar da iska ta taso sai ta fito."

"Kai dai tun kana yaro ba ka ganin abu a tsaye ka ƙyale shi," in ji Inna. "Ina wutar? Nuna min."

Ni ma na hau shi da faɗa, har da cewa katakon yake hange. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni da Inna muka yini muna ɗura ruwa a tsagar da bokiti. Ruwan ya bi ɓawo ya gangaro, bai kai inda ake so ba.

Bayan kwana biyu, da safe, na tarar da Inna tsaye tana kallon tururuwa. Sun yi jerin gwano suna saukowa daga bishiyar, kowace ɗauke da ƙwanta. Inna ta ɗora tafin hannunta a jikin itacen. Rana ba ta ko leƙo ba, amma da na taɓa sai na ji zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Iska kuma ta fara kaɗawa, daga dutse tana gangarawa wajen gonaki. Inna ta daɗe tana kallon alkamar mutane.

"Kira min yayanki," ta ce. "Ki ce ya taho da injin."

Ya zo da maƙwabta, wasu da bokitai, wasu da jiƙaƙƙun buhuna. Na so in ja Inna ɗaki, ta fizge hannunta. Ita ta nuna inda za a kayar, nesa da shinge. Da injin ya kama aiki sai na ga Yaya yana share fuska da kafaɗa, kuma na san ba gumi kaɗai ba ne. Tausayinsa ya kama ni, don shi ma a inuwar nan ya yi rarrafe.

Da bishiyar ta faɗi sai ta dare gida biyu. Cikinta duk garwashi ne ja wur. Tartsatsi ya tsallake shinge ya kama ciyawa, maza suka bi shi da buhuna suna bugu suna salati har ya mutu. Sauran aka binne da ƙasa. Maƙwabta suka yi ta yi wa Inna godiya, ita kuwa kai kawai take gyaɗawa.

Kashegari da rana tsaka ina wanke-wanke, na ga ta fito da 'yar kujerarta da faifan wake. Ta nufi inda ta saba zama tun kafin a haife ni, ta ajiye, ta zauna. Sai da rana ta doki ƙeyarta ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Inna, ki shigo ciki, zafi ya yi yawa."

"Bari in gama tsince wannan," ta ce.

Na bar kwanukan, na je na tsaya a bayanta ta wajen rana har ta gama.