Mai Shi Yana Shan Kofi?

A tsibirinmu, idan za ka sayi kayan nutso na gwanjo, kafin ka taya sai ka tambayi mai sayarwa, "Mai shi yana shan kofi?" Idan ya ce e, to wanda ya yi aiki da kayan yana raye, sai a shiga ciniki. Idan ya kau da kai, ka ajiye ka wuce. Ba a hawa jirgin masu tsinko soso a teku da kayan mamaci. Kar ka tambaye ni dalili, ni ma haka na tarar, kuma ban taɓa ganin mai jirgin da ya ɗauki abin da wasa ba.

Shi ya sa da mijina Jerko ya rasu, zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar tsinkar soso a ƙarƙashin ruwa, tun ba a share makoki ba maza suka tattara kayansa suka ba wani direba ya kai can cikin ƙasa, inda ba su san teku ba sai lokacin hutu. Ɗan autana Lovre, a lokacin ko gemu bai fara ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu.

Bana Lovre ya zama mutum. Yayyensa duk sun tafi Jamus, sai dai in ga fuskokinsu a waya. Barba Roko, mai jirgi, aminin ubansa, ya ce zai ba shi gurbi idan ya zo da kayan kansa. Idan gurbin nan ya kuɓuce, Lovre ma Jamus zai nufa, ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Ina tsoron teku, ina tsoron gidan da babu kowa, kuma ban san wanne ya fi cin raina ba.

Ɗan abin da muka tara bai isa a sayi komai sabo ba. Muka zauna a kicin ina gasa kifi muna lissafi.

"Abin shaƙar iska sabo dal za ka saya," na ce. "Abin da ranka ke rataye a kai ba a gwanjonsa. Tulun iska in dai an gwada shi, tsoho ma ya yi. Riga kuwa, kowacce ka samu in ba ta yage ba."

"Mama, sau nawa kika yi nutso ne?"

"Ja'iri. Tun ba a haife ka ba nake wanke gishirin masu nutso."

Ya yi dariya, ya ce ya ga wata riga mai araha a waya, amma mai ita yana can birnin Zagreb. Na ce ga garin Shibenik a gabanmu cike da gwanjo, me zai kai shi uwa duniya, kuɗin mota kaɗai ya cinye rahusar. Ya ce shi dai waccan yake so. Taurin kai kam ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Da ya dawo ya baje kayan a teburin tsakar gida. Abin shaƙar iska sabo ne a kwalinsa, na ji daɗi. Na ɗauki rigar robar ina dubawa, na ɗaga hannun hagu don in ga ko ɗinkin ya saki. Akwai faci a hammata, an ɗinke shi da jan zare. Ni na yi shi da hannuna, ranar da baƙin zarena ya ƙare kuma Jerko yana sauri. Har ya bar duniya mutanen jirgi ba su daina tsokanarsa da wannan facin ba.

Sai da na nemi kujera na zauna.

"Ka tambaya?"

"Na tambaya."

"Ya ce me?"

"Ya ce yana sha mana, har da madara. Ni ma sai da ya haɗa mini. Likitan haƙori ne, a hutu yake sa ta, yanzu tumbi ya hana shi."

"Kai wane irin sakarai ne? Mutumin Zagreb ya san abin da kake nufi da kofi?"

"Ai shi ya sa na je Zagreb, Mama."

Na zuba masa ido. Shi kuwa kansa na ƙasa, yana murza wuyan rigar.

"Na daɗe ina nemanta," ya ce. "Duk wanda ya sa rigar gwanjo a waya sai in ce ya turo mini hoton hammata. Wasu sun ɗauka mahaukaci ne. Kun ba da komai nasa, Mama. Ko tabarau ɗin nutso ba ku bar mini ba."

Na so in kwaɗa masa mari, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Kuka kawai na fashe da shi, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kawo gawar. Na ce ya mayar da ita. Ya ce an gama ciniki, kuɗi sun ƙare, jirgi kuma Litinin zai fita. Gaskiya ya faɗa. Barba Roko zai zo gobe ya duba kayan kamar yadda ya saba yi wa sabon mai nutso, kuma shi ne ya fi kowa yi wa jan zaren nan dariya, shi ne kuma ya jawo Jerko cikin jirgi a ranar da ya rasu. Da zarar ya ɗaga hannun rigar, shi ke nan, Lovre ya zama na Jamus.

Da safe, bayan Lovre ya fita cika tulu, na ɗauko reza. Na warware ɗinkina ɗaya bayan ɗaya, na sake shi da baƙin zare. Ban taɓa yin ɗinkin da na tsana kamarsa ba. Da hannuna nake gyara wa ɗana rigar da ta dawo mini da ubansa babu rai, don kawai in riƙa jin motsin mutum a gida.

Barba Roko ya zo da hantsi, da tarinsa da warin tabarsa. Ya duba tulu, ya gwada abin shaƙar iska, ya ce, "Madalla, yaro, nan ne ake kashe kuɗi." Sannan ya ɗauki rigar ya juya ta. Ya ɗaga hannun hagu, ya bi ɗinkin da babban yatsansa, ya daɗe yana bi. Bai dubi Lovre ba, ni ya duba.

"Vinka, mai shi yana shan kofi?"

"Yana sha," na ce.

Ya ajiye rigar a hankali. "To. Litinin da sassafe, kar ka sa mu jira."

Ranar Litinin na raka shi bakin ruwa. Inda za su fara aiki ba nisa, don haka tun daga gida ya sa rigar. Ta zauna masa cif, kamar a jikinsa aka gwada. Ya wuce gabana da tulu a kafaɗa, yana ɗan karkata hagu kamar yadda ubansa yake yi, mutanen jirgi na yi masa ihu wai ango ya iso. Na buɗe baki in ce masa ya kula da kansa, sai sunan ubansa ya kuɓuce mini.

"Jerko!"

Ya juyo kuwa. Barba Roko ya tsaya da igiya a hannu yana kallon ruwa, har na ɗauka zai ce masa ya sauka. Sai ya miƙa wa Lovre hannu ya jawo shi ciki, ya tayar da inji.